Daga Rumbu Zuwa Allo

Akwai wata tambaya da duk wanda ya jima a sana'armu ta rubuta manhajar kwamfuta ya sha ji, kuma ba ta tashi zuwa sai a gaban jama'a: "Injiniya, ya aka yi lambar da ke allon nan ba ta yi daidai da ta akanta ba?" Mu ma an taɓa yi mana ita a wani kamfanin dillancin kayan masarufi da muka yi wa aiki. Mun shafe makonni muna ɗaura musu manhajar zane a kan rumbun bayanansu, domin mai kamfanin ya riƙa ganin cinikin kowane shago a wayarsa ba sai ya jira ƙarshen wata ba. Ranar nuna aiki kowa na ta yabon launuka, sai akanta, wani dattijo da bai ce uffan ba tun da aka zauna, ya buɗe littafinsa ya ce kuɗin dakon da muka nuna ya kusa ninka na gaskiya sau uku. Muka koma muka duba. Rumbu lafiya lau, kowace lamba na nan yadda aka shigar da ita. Manhajar zanen ma abin da aka miƙa mata ta zana. Ɓarnar a hanya ta auku, tsakanin rumbu da allo.

Ba a cika ba da labarin wannan 'yar hanya ba. Masu tarihi sukan rubuta na zanen alƙaluma daban, na rumbunan bayanai daban, alhali mu da ke cin abinci a tsakaninsu mun san nan ne rigimar take, kuma ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

A shekarar 1786 wani ɗan Sikotlan mai suna William Playfair ya buga littafin The Commercial and Political Atlas a Landan. Kafin nan ya yi aikin zanen injuna a ƙarƙashin James Watt, mai injin tururi, a birnin Birmingham. Shi da kansa ya ce yayansa John, masanin lissafi, shi ya koya masa tun yana yaro ya riƙa auna zafin kowace rana yana nuna shi da layi. Wannan dabarar ya ɗauko ya ɗora a kan lissafin shigi da ficin kayan Ingila: shekaru a kwance, kuɗi a tsaye, layi ɗaya na abin da aka shigo da shi, wani na abin da aka fitar. Ratar da ke tsakanin layukan biyu ita ce riba ko asarar ƙasa, ana ganinta da kallo ɗaya. Zane 43 ya yi irin wannan.

Na 44 ne ya fi ba mu sha'awa. Da ya zo kan Sikotlan sai ya tarar lissafin shekara ɗaya kacal gare shi, 1781, na cinikinta da ƙasashe 17. Ba a jan layi da ɗigo ɗaya. Dole ta sa ya jera sanduna, kowace ƙasa da nata, tsawon sanda gwargwadon kuɗi. Wannan shi ake ɗauka a matsayin zanen sanduna na farko a fagen alƙaluma, kuma Playfair bai yi alfahari da shi ba, yana ganin bai kai sauran ba. Wato tun ranar farko abin da ke cikin rumbu ne ya yanke wa mai zane irin zanen da zai yi. A 1801 kuma ya ƙirƙiro zanen da'ira da ake yankawa kamar kankana, ya nuna yadda ƙasar Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta rabu tsakanin Asiya, Turai da Afirka. Duk da haka a talauce ya rasu a 1823.

Waɗanda suka biyo shi an fi sanin su. John Snow ya zana taswirar mace-macen kwalara a unguwar Soho ta Landan bayan ɓarkewar 1854, gida-gida, har ta nuna yadda suka taru kewaye da famfon titin Broad. Florence Nightingale ta zana nata a 1858 don nuna cewa cututtukan da ake iya karewa sun fi raunin yaƙi kashe sojojin Birtaniya a Kirimiya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, dukansu biyu sun jingina da mutum guda, William Farr na ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Daga ofishinsa Snow ya karɓo jerin mamatan, shi kuma ya taya Nightingale lissafi. A zamaninsu mahaɗin rumbu da zane mutum ne riƙe da alƙalami, yana kwafa lamba bayan lamba. Aikin na da jinkiri, amma mai kwafar ya san ma'anar kowace lamba, in ya ga wadda ba ta yi kama da gaskiya ba zai tsaya.

Ita kuwa kalmar da a yau ake taƙaitawa da BI, wadda za mu iya kira basirar kasuwanci, ta wata hanya ta biyo. An same ta a wani littafin labaran 'yan kasuwa da Richard Millar Devens ya buga a 1865, inda ya ba da labarin Sir Henry Furnese, wani mai banki da ya baza masu kawo masa labari a ƙasashen Turai, yana jin sakamakon yaƙi kafin kowa, yana cin riba da shi. Ma'anarta a lokacin ta fi kusa da leƙen asiri. Sai a 1958 Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya rubuta maƙala yana siffanta na'urar da za ta karanta takardun ma'aikata, ta taƙaita su, ta tura wa kowa abin da ya shafi aikinsa. Luhn Bajamushe ne da ya taɓa yin sana'ar masaƙa, har ya ƙirƙiro ma'aunin ƙirga zaren yadi. Mai karatu na ɗauke da aikinsa a aljihu: lambar ƙarshe da ke kan katin cirar kuɗi da dabarar Luhn ake fitar da ita, shi ya sa in ka yi kuskuren lamba ɗaya manhaja ke gane wa tun kafin ta tuntuɓi banki. Ma'anar da muke amfani da ita yanzu, wato duk tsarin da ke tara bayanan kamfani don taimaka wa masu yanke shawara, Howard Dresner ne ya yaɗa ta daga 1989.

Rumbun kansa ya samu siffarsa ta yau a 1970, lokacin da Edgar Codd, shi ma na IBM, ya kawo shawarar a ajiye komai a teburori masu layi da ginshiƙi, a riƙa haɗa tebur da tebur ta lambar da suka yi tarayya a kai. Abokan aikinsa Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fitar da harshen yi wa teburorin tambaya a 1974, wanda ya zama SQL. Har gobe da shi muke aiki. Sai dai manajan wancan zamani bai iya SQL ba, kuma ba a barinsa kusa da kwamfutar. Takarda zai rubuta wa sashen kwamfuta, ya shiga layi, bayan kwanaki ko makonni a kawo masa tulin takardu cike da lambobi. In yana son zane sai a ba wani ya zana da hannu. In amsar ta haifar masa da sabuwar tambaya, ya koma ƙarshen layi.

VisiCalc ne ya fara fasa wannan layin. Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da shi a 1979 a kan kwamfutar Apple II, kakan Excel ke nan. Ka canza lamba ɗaya, duk lissafin ya gyara kansa. Amma ba ya zane. Wani matashi mai suna Mitch Kapor ya rubuta wata manhaja daban, VisiPlot, mai zana abin da VisiCalc ya lissafa. A iya fahimtarmu, nan ne aikin da muke yi yau ya fara kama da kansa: manhajoji biyu, ɗaya ta lissafi ɗaya ta zane, da buƙatar su fahimci juna. Masu VisiCalc suka tsara wani salon fayil mai suna DIF don fitar da lambobi zuwa wasu manhajoji. Mai aiki zai ajiye lambobinsa a faifai, ya rufe VisiCalc, ya zare faifansa, ya zura na VisiPlot, ya ɗauko fayil ɗin, sannan ya ga zane. In ya hango kuskure, ya sake bin hanyar daga farko.

Kapor ya ga wahalar da idonsa. Ya sayar da VisiPlot, ya kafa kamfanin Lotus, shi da Jonathan Sachs suka fitar da Lotus 1-2-3 a watan Janairun 1983. Lambobin sunan na nufin abu uku a tukunya ɗaya: lissafi, zane, da ajiyar bayanai. Danna maɓalli ɗaya, zane ya fito. Cikin ɗan lokaci ya binne VisiCalc. Darasin da masana'antar ta ɗauka shi ne a haɗa komai a gida ɗaya, kuma tun daga nan take kai-komo: yau a haɗe, gobe wani ya zo da manhajar zane da ta fi ta gidan kyau a sake rabewa, jibi babban kamfani ya saye shi a sake haɗewa.

Matsalar farko ta rabewa ita ce harshe. Oracle, DB2, Sybase, Informix, kowanne na jin SQL amma da karin harshensa da irin ƙofarsa. Mai manhajar zane sai ya rubuta mahaɗi daban don kowane rumbu. A 1992 Microsoft ya fitar da ODBC, bisa aikin da wata ƙungiyar kamfanonin rumbu ta fara. Dabarar ta tafinta ce: manhaja ta yi magana da murya ɗaya, kowane rumbu ya kawo tafintansa, wanda muke kira direba. Ba abin burgewa ba ne, ba wanda ya taɓa yin tallarsa a talabijin, amma shekara talatin da ɗoriya ke nan kuma in ka leƙa bayan allunan bankuna da kamfanonin waya za ka same shi, ko ƙaninsa JDBC, yana ta fassara.

Matsala ta biyu ta fi wuya, domin tafinta kalma yake fassarawa, ba ya sasanta ma'ana. Ɗauki kalmar "ciniki". Mai sayarwa na ƙirga shi ranar da aka yi oda. Mai sito na ƙirga shi ranar da kaya suka fita. Akanta ba ya ƙirgawa sai kuɗi sun shigo, kuma zai cire kayan da aka dawo da su. Duk ukun gaskiya suke faɗa, kuma duk ukun daga rumbu ɗaya za su ciro lambarsu. Wani kamfanin Faransa, Business Objects, da Bernard Liautaud da Denis Payre suka kafa a 1990, shi ya yi suna da maganin wannan. Suka shimfiɗa wani abu kamar ƙamus tsakanin rumbu da mai tambaya. A zauna sau ɗaya a amince me ake nufi da ciniki, me ake nufi da abokin ciniki, wane tebur ke haɗuwa da wane, a rubuta. Daga nan manaja ya zaɓi "ciniki" da "wata" da "jiha", manhaja ta rubuta masa SQL ɗin da kanta. A ganinmu wannan ƙamus shi ne ainihin abin da ake kira dandalin BI. Sauran duk ado ne.

Amma ƙamus na buƙatar mai tsaro, mai tsaro kuma ya zama sabon layi. Kana son a ƙara ma'auni ɗaya, sai ka rubuta takarda ka jira. A shekarar 2007 kuma manya suka yi wa fagen wawaso: Oracle ya sayi Hyperion a kan dala biliyan 3.3, SAP ya sayi Business Objects a kan yuro biliyan 4.8, IBM ya sayi Cognos na Kanada a kan kusan dala biliyan 5. Dandalan suka ƙara nauyi da tsada. Ma'aikata suka koma tsohuwar hanya a ɓoye: a sauke rahoto zuwa Excel, a yi zane a can, a tura wa oga. Kowa da tasa gaskiyar a kwamfutarsa.

Ana cikin haka wani abu ya riga ya tsiro a Jami'ar Stanford. Chris Stolte, ɗalibin digirin digirgir, da malaminsa Pat Hanrahan sun gina wani tsari mai suna Polaris. Hanrahan ba ɗan kasuwa ba ne, daga Pixar ya fito, inda ya jagoranci RenderMan, manhajar da aka yi fim ɗin Toy Story da ita. Tunaninsu shi ne zane da tambaya abu ɗaya ne. In ka ja "wata" ka ajiye a kwance, ka ja "ciniki" ka ajiye a tsaye, ka riga ka yi wa rumbu tambaya, saura manhaja ta mayar da jan hannunka SQL ta dawo da amsa a zane. A 2003 su biyu da Christian Chabot suka kafa Tableau. Tafiyar da ke ɗaukar manajan 1975 makonni, mai VisiPlot mintuna, ta koma ƙiftawar ido. Microsoft ya biyo da Power BI a 2015.

Daɗin ya zo da kuɗinsa. Tableau na iya zarcewa rumbu kai tsaye ba tare da ya bi ta ƙamus ba, don haka kowane ma'aikaci ya sake zama mai fassara "ciniki" yadda ya ga dama, sai dai yanzu da launuka masu kyau da ke sa a yarda da shi. Kamfanin Looker, da aka kafa a 2012, ya dawo da ƙamus ɗin a sabuwar riga: a rubuta ma'anoni kamar yadda ake rubuta manhaja, a san wanda ya canza me da ranar da ya canza. A watan Yunin 2019 Google ya sanar da sayen Looker a kan dala biliyan 2.6, bayan kwana huɗu Salesforce ya sanar da sayen Tableau a kan dala biliyan 15.7. Aka sake haɗewa.

Duk wanda zai ɗaura manhajar zane a kan dandali yau, zaɓi biyu zai fara cin karo da su, kuma mukan kwatanta wa masu kamfani da famfo da randa. Haɗin kai tsaye famfo ne: duk sanda aka buɗe allo sai tambaya ta tafi rumbu, ruwan sabo ne, amma in mutum ɗari suka buɗe lokaci guda rumbun na iya durƙushewa, mai karɓar kuɗi a kanta ya tsaya yana kallon kwastoma. Kwafi kuma randa ce: a ɗebo da dare a ajiye, da safe kowa ya sha ba jira. A wurarenmu da intanet ke yankewa, wuta ke ɗaukewa, randa ta fi rufin asiri. Illarta ita ce ranar da mai ɗibar bai zo ba ba ta faɗa. Allo zai nuna lambobin shekaranjiya da fuska ɗaya da na yau. Shi ya sa ba ma miƙa allo sai mun rubuta lokacin ɗiba na ƙarshe a samansa da manyan baƙaƙe, ko da mai kamfani ya ce yana ɓata kyan shafi.

Kuɗin dakon dattijon akanta kuwa, ga abin da ya faru. Akwai teburin oda, kowace oda layi ɗaya, da kuɗin dakonta. Akwai teburin kaya, inda oda ɗaya ke iya ɗaukar layi uku: shinkafa, mai, sukari. Da muka haɗa teburorin biyu don a ga komai a allo guda, kowace oda ta maimaitu sau adadin kayanta, kuɗin dakonta na biye da ita. Manhajar zane ta tara abin da ta gani. Babu saƙon kuskure, domin a ƙa'idar Codd babu kuskuren da aka yi. Tsohon tarko ne, kuma rufe irinsa na cikin dalilan da suka sa aka ƙirƙiro ƙamus tun farko. Mu ne muka tsallake ƙamus don sauri.

Namu kuɗin dako ne, an gyara kafin la'asar. A Ingila, a farkon Oktoban 2020, hukumar lafiyar jama'a ta Public Health England ta bayyana cewa mutum 15,841 da gwaji ya tabbatar suna da korona tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba ba su shiga ƙidayar kullum ba. Ɗakunan gwaji sun aiko da sakamako daidai, a fayilolin rubutu marasa iyaka. Allon da gwamnati da 'yan jarida ke kallo shi ma yana aiki. A tsakani ne aka sa wani mataki mai zuba sakamakon cikin tsohon salon fayil na Excel, XLS, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da yake kowane gwaji na cin layuka da dama, fayil ɗaya kan cika da kimanin mutum 1,400. Abin da ya haura sai ya zube, shiru. Sabon salon, XLSX, da ke ɗaukar layi 1,048,576, yana nan tun 2007. Waɗanda aka gwada sun samu sakamakonsu, amma ba a miƙa sunayensu ga masu bin sawu a kan lokaci ba, don haka mutanen da suka yi cuɗanya da su suka ci gaba da yawo kwanaki ba wanda ya kira su. Tsawon mako guda zanen ƙasa na nuna cutar ba ta hauhawa kamar yadda take yi. Gyaran gaggawar da aka yi shi ne raba fayilolin ƙanana-ƙanana.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen Turai ne kawai. Alƙaluman lafiya na Najeriya, Nijar da Ghana duk a kan DHIS2 suke tafiya, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagoranta, wadda asalinta ya faro a Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariya, kuma sigarta ta farko a kan Access da Excel aka gina ta. A Najeriya hanyar takan fara ne daga rajistar takarda a ƙaramin asibiti: ma'aikaciya ta tattara na wata a fom, fom ya tafi ƙaramar hukuma, jami'i ya shigar a kwamfuta, daga nan ya hau allon jiha da na Abuja, wani lokacin a sake janyo shi zuwa Power BI ko Tableau don masu ba da tallafi. Mahaɗin farko har yau irin na zamanin Farr ne, mutum da biro.

A wannan hanyar abin da ya fi ba mu tsoro shi ne gurbin da aka bari fayau. Asibitin da ya rubuta sifili a gurbin ƙyanda yana cewa ba a samu ko ɗaya ba. Asibitin da fom ɗinsa bai iso ba, saboda ruwa ya cinye hanya ko babur ya lalace, bai ce komai ba. Rumbu ya san bambancin biyun, yana da alama ta musamman don "ba a sani ba". Amma wajen tarawa SQL tsallake wannan alamar yake yi, wani mai haɗin kuma da hannunsa yake mayar da ita sifili don layin zane kada ya yanke. Ta kowace hanya, ƙaramar hukumar da rabin asibitocinta ba su kawo rahoto ba za ta fito a taswira da launin lafiya, kuma da irin wannan taswirar ake zama a raba magani da ma'aikata. DHIS2 na lissafa kason asibitocin da suka kawo rahoto a kowane wata, lambar na nan a rumbu. Sai wanda ya ɗaura allon ya tuna ya janyo ta, ya ajiye ta kusa da taswirar.